Tsohon Hoton Kan Kawu Ba-Zama

A gidanmu ni ce mai ajiyar takardu. Katin asibiti, takardun haihuwa, hotunan da suka koɗe, duk suna cikin wata tsohuwar jaka a ƙarƙashin gadona. Ban taɓa zaton ajiyar tawa za ta yi wa wani rana ba sai da aka karɓe makullin shagon Kawu.

Ƙanin Mama ne, kafinta. Ba-Zama ake ce masa tun yana yaro, don a tsaye yake cin abinci, in ya zo gaisuwa kuma ƙafarsa ɗaya na waje. A shago ayyuka uku yake buɗewa lokaci guda. Ya shafa wa kujera gam, kafin ya bushe ya koma yankan katakon gado, daga nan ya tsallaka kan ƙyauren wani. Duk aikin da zai bari sai ya ja layi da alli a inda ya tsaya. Baƙo zai ce shirme ne, amma ban taɓa jin an dawo masa da kaya ba.

Bara ya faɗo daga tsani, goshinsa ya fashe. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, likitan ya ce babu jini a ciki, sai dai akwai wani lanƙwashi a gaba da bai saba gani ba, a kai wa ƙwararriya nan da mako biyu. Yayansu shi da Mama, Kawu Babba, mutumin da ke jera takalmansa da tsinin gaba ɗaya, “bai saba gani ba” kawai ya ji. A ranar ya sa makullin a aljihu. Ya ce mai taɓin kai ba zai riƙe zarton lantarki ba, in ƙwararriyar ta tabbatar, a sallama shagon.

Mako biyun nan a gidanmu Kawu ya yi su, mu ma ba mu huta ba. Ya kwance ƙofar kicin ya mayar. Ya ɗaure ƙafar bencin da ba ta taɓa rawa ba. Daga tsakar gida zuwa bakin titi, ya dawo.

“Kai ɗan nan, zauna mana, jiri kake sa ni,” in ji Mama.

“Yaya, in na zauna ne nake jin ciwon.”

Kawu Babba ya leƙo ya gan shi. “Kun gani ko? Wannan lafiya ce?”

“To ai Yaya, haka Inna ta haife shi,” Mama ta ce. “Ko a goye ba ya zama.”

Maganar nan ce ta tsaya mini a rai. Na tuna ina ’yar firamare an taɓa kai shi asibiti kan ciwon kai, ya dawo da hoton kansa a wani babban ambulan ya jefar mana. Na zazzage jakar sau biyu, babu. Ashe girmansa ne ya sa na shimfiɗa shi a ƙasan akwatin zannuwa. Shekara goma sha biyu yana can.

Ran ganin likita na rungumo ambulan ɗin na bi Kawu da Kawu Babba. Ƙwararriyar ta jera tsohon hoton da sabon a jikin fitila, ta daɗe tana kallo. Kawu ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

“Wa ya ajiye wannan?” ta tambaya.

Na ɗaga hannu kamar a aji.

Ta nuna mana da biro. Lanƙwashin yana nan a duka biyun, wuri ɗaya. Ta ce ɓangaren da ke bayan goshi yana da hannu a tsara aiki da kame kai, kuma lanƙwasarsa ba iri ɗaya ba ce a kan kowa, kamar zanen tafin hannu.

“To shi ne ya hana shi zama?” Kawu Babba ya tambaya.

“Ba zan iya ce maka haka ba. Hoto siffa yake nunawa. Aikin kan, sai mun gwada mutumin.”

Ta yi masa gwaje-gwajen tuna kalmomi da jera lambobi. Sannan ta ce ya faɗa mata yadda ake haɗa gado, daga farko zuwa ƙarshe. Yana zagaya ofishin ya lissafo matakai goma sha ɗaya, har da inda ake dakatawa gam ya kama. A na tara ya tsaya ya ce mata durowarta ta karkace, ya koma kan na goma bai ɓata ba.

Ta rubuta cewa zai iya komawa aiki, amma ban da hawa tsani har wata guda.

A bakin ƙofar asibitin, Kawu Babba ya daɗe yana lalube a aljihu kafin ya miƙa wa Kawu makullin. “Wata guda ta ce, ka ji dai.”

“Na ji, Yaya.”

Kafin mu sami abin hawa har Kawu ya sha kwana. Da yamma na kai masa magungunan da ya manta shago. Na same shi durƙushe gaban gadon da ya bari, ya ɗora bakin zarto a kan layin allin nan. Yanzu ambulan biyu ne a ƙasan akwatina.