Tukunyar Jego a Ranar Litinin

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan ba ita ba ce, idona ne ya gani. Ni ban shiga aji ba. 'Yar autata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina riƙe da maganar.

A tsakiyar zafi aka ɗauke ni daga Kano aka sauke ni a Dubai, saboda 'yata ta fari ta haihu, namiji, kuma ba ta da kowa a can sai mijinta. Suna zaune a Alƙusais, a wani dogon bene, ɗaki ɗaya da falo. Aka raba falon da labule mai kauri, aka shimfiɗa mini katifa a bayansa. Sirikina ɗan kasuwa ne a kasuwar Naif, yana saya wa mutanen gida abaya da takalma da jakunkuna, ya ɗaure ya aika musu ta kago, wato jirgin kaya. Shi ya biya mini jirgi, shi ya yi mini biza. Tun ranar da aka ɗaura aurensu ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo zai durƙusa daga bayan labule ya ce, "Inna, an wuni lafiya?" In ce, "Lafiya lau, ya kasuwa?" Shi ke nan, maganarmu ta ƙare sai gobe. Haka muka gada, haka kuma nake so.

Abin da ya kai ni shi ne wankan jego. Safe da yamma, ruwa tafasasshe, da ganyen darbejiya, har a yi arba'in. A can ba a hura itace, ba a kunna gawayi, mai benen ma ya hana tukunyar gas. Sai murhun lantarki. Na sa aka sayo mini babbar tukunya, wadda sai na jujjuya ta take zama a kan murhun, in cika ta da bokiti, in zauna ina jiran ta yi magana. Takan daɗe. Akwai wata 'yar fitila ja a gaban murhun, in tana ci, to wuta na aiki. Wannan jan idon shi ne abokin hirata.

Ku san dalilin da ya sa ba na wasa da wannan wanka. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ta haihu da damina, itace ya jiƙe, aka yi ta tsallake mata wanka, yau a yi gobe a fasa. Ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ta kumbura, ba ta ga arba'in ba. Likitoci suna da tasu maganar, kuma ban raina ta ba, don da suka ce kada a ba 'yata kunun kanwa ban ba ta ba, da suka ce a sirka ruwan kada ya ƙona fata na sirka. Amma a tsallake wanka, wannan ba a gabana ba. Ga shi kuma tun da na zo nake duban ƙafafun 'yata, suna da ɗan nauyi, in na danna yatsa sai wurin ya jima bai taso ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki, sai mai benen ya aiko da sabon tsarin biyan kuɗin wuta. Kowace ƙofa tana da mitarta, aka ce kowa ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai kuɗin wuta ya zama iri ɗaya kowace rana, ko kuwa Asabar da Lahadi su zama kyauta, ka kunna abin da ka ga dama, amma sauran ranakun su yi tsada mai zafi. Wanda ya zaɓa ya zaɓa, babu canji sai an sabunta haya. Za a faɗa wa mai gadin benen ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Asabar sabon tsari ya fara.

Ni ba a gaya mini ba. Bango ne ya gaya mini, don bangon ƙasar nan bai san sirri ba. Ina zaune bayan labule da la'asar ina tsinke ganye, na ji sirikina yana cewa matarsa, "Wannan ai ba abin tunani ba ne. Ni duk mako ina Naif. Asabar da Lahadi nake gugar abayoyi a gida, kin san yadda dutsen nan mai tururi yake shan wuta kamar raƙumi. A yi wanki ranar, a yi girkin mako a zuba a firiza. Shi ke nan."

Ta ce, "To wankan fa?"

Ya ce, "A dafa Asabar da Lahadi. Sauran ranaku ki taɓa famfon nan da rana ki ji, ai da kansa yake tafasa. Allah ya ba mu rana kyauta a garin nan, mu ƙi amfani da ita?"

 Ni kuwa ganyen da ke hannuna ya zube a tabarma.

Ban yi masa rashin adalci ba. Washegari da azahar na shiga banɗaki na buɗe famfon. Gaskiyarsa, tankin yana saman bene, rana ta gasa shi, ruwan yana fitowa da zafin da sai ka janye hannu. Na tara a bokiti, na jefa ganye, na zauna ina kallo. Ganyen ya yi ta yawo a sama kore shar, bai saki ɗacinsa ba, ruwan bai canza launi ba, babu tururi, babu ƙamshi. Kafin in kirga salati kaɗan ya fara hucewa. Da asuba kuwa, lokacin wankan farko, famfon ɗumi kawai yake bayarwa. Ruwan da rana ta taɓa daban, ruwan da wuta ta dafa daban.

Na samu yarinyar tana shayarwa. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban kuma saba doguwar magana da ita ba. Na ce, "Ke, jego ya san Asabar da Lahadi?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, kin ji ashe."

"Na ji. Ki gaya masa."

"Inna, da wane bakin? Kayansa suna tsare a tashar ruwa tun kafin in haihu, masu kaya suna kiransa ba dare ba rana. Ga asibiti, ga ragon suna, ga jirginki. Ya rame, ba ki gan shi ba ne."

Na ce, "To ina zan gan shi?"

Ta yi dariya kaɗan, sai hawaye ya biyo dariyar. Na dubi ƙafafunta na fita.

Muna da maƙwabciya, ƙofarta na kallon tamu, 'yar zangon Kumasi ce, tana aikin gyaran ɗakuna a wani otal. Mace ce mai faɗin rai da faɗin baki. Ita take tsinko mini darbejiya daga wata bishiya kusa da tashar jirgin ƙasa in ta taso daga aiki. Ranar Laraba ta kawo ganye ta same ni na yi tagumi, ta matsa sai da na faɗa mata. Ta tafa hannu ta ce, "Mma, wannan ne ya hana ki cin abinci? Ki kira shi ki gaya masa mana! Sirikinki ne ko zaki ne?"

Na ce, "Gara zaki, shi ana iya yi masa ihu."

Ta ce, "Ku mutanen Kano da kunyarku, wata rana gida zai kama da wuta ku tsaya neman wanda za ku aika. Bar ni da shi."

Na ce kada ta yi. Ba ta ji ba. Da yamma ta tare shi a bakin lif, na'urar hawa bene, gaban mai gadi da wasu samari biyu 'yan Nijar, ta ce da ƙarfi, "Alhaji, an ce za ka yi wa matarka jegon Asabar da Lahadi? Kai ma a riƙa ba ka tuwo Asabar da Lahadi mana!" Samarin suka fashe da dariya. Ita a ganinta wasa ta yi.

Ranar sirikina ya shigo ya yi sallama, ya durƙusa bayan labule kamar kullum, ya ce, "Inna, an wuni lafiya?" Amma muryar ba ita ba ce. Na tambaye shi kasuwa, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tashi. Bai ci tuwon da na tuƙa ba. A ɗaki na ji ya ce, a hankali, "Maganar gidana har bakin lif?"  Alhamis ta wuce haka. Ina dafa ruwa ina jin kamar sata nake yi. Yarinyar ta daina kallona, ta daina kallonsa, jaririn ma ya kama kuka ba dalili.

Juma'a ta zo. Da hantsi ya yi wanka ya sa farar riga, na ji shi ya zauna a kujerar falo yana jiran lokacin masallaci, labule kaɗai ke tsakaninmu. Na san in ya fita ya dawo, magana ta ƙare.  In yi masa magana kai tsaye, na zubar da abin da uwata ta bar mini, kuma na nuna masa cewa don ya ciyar da ni ban gode ba. In yi shiru, na ga fuskar ƙanwata.

Sai na ɗauko jaririn na kwantar da shi a cinyata, na fara shafa masa mai. Jika ai mijin kaka ne, da shi ba ni da kunya. Na ɗaga murya yadda za ta tsallake labule, na ce, "Kai angona, tashi mu yi magana, barci ba sana'a ba ce. Ka kawo ni garinku ka ajiye, ko lefe ban gani ba. To ni ban roƙe ka zane ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka ga uwarka, ƙafarta ba ta saki ba. Ni na taɓa binne mai jego, angona, da hannun nan na yi mata wankan da ba a so. Ban zo in ƙara wa kowa nauyi ba, na san gidan nan an sha ɗawainiya, Allah ya saka. A kashe mini na'urar sanyi a falo in an ga dama, ni 'yar rana ce. A rage mini nama. Amma tukunyar nan, ka roƙar mini a bar ta ta tafasa kullum har uwarka ta fita. Maganar da ta je bakin lif kuwa, ba ni na aike ta ba, amma daga bakina ta fita, ka ba da haƙuri inda ya kamata."

Jaririn ya yi hamma. Bayan labule babu motsi. Na ji ƙarar na'urar sanyi, na ji motoci a ƙasa, na ji numfashina. Can sai sirikina ya yi gyaran murya, ya ce, "Kai ɗan baba, ka gaya wa amaryarka ba a kashe wa baƙo sanyi a gidan nan. Kuma ka ce mata ta ci namanta." Ya sa takalmi ya fita.

Ban gane inda ya dosa ba. Ya ce e ne, ko ya ce a'a cikin ladabi? Ya dawo daga masallaci bai ce komai ba, matarsa ma bai gaya mata ba, ni kuwa ba ni da hanyar tambaya. Ga abin da ya fi ci mini rai: Asabar da Lahadi ba za su nuna komai ba, don ko wanne ya zaɓa, a ranakun nan an yarda a dafa ruwa. Asabar na dafa. Ya fita da sassafe da manyan jakunkuna biyu, ban ji dutsen guga ba ranar, na ce ko kasuwa ce ta kira shi. Lahadi na dafa.  Maƙwabciyar ta leƙo ta ce bari ta je ta tambayi mai gadi, na ce in ta kuskura ba ni ba ita.

Litinin na idar da sallar asuba na daɗe a kan sallaya, ina tsoron shiga kicin. Na ji fitar sirikina, na ji an ja ƙofa a hankali. Sai na tashi. Tun daga bakin kicin ɗumi ya tare ni. Tukunyar tana kan murhu, cike har wuya, jan idon nan yana ci, ruwan ya fara waƙa. A gefe ga damin darbejiya ɗanye, an tsinke shi irin tsinkar namiji, da rassa da komai, har da ƙurar titi. Wanda bai taɓa ɗaga mini bokiti ba don kada mu haɗu a ƙofa, shi ya cika ta kafin in tashi.

Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata, sannan na wanke ganyen na zuba.

Daga ranar kullum haka nake samunta, cike, a kan wuta, har aka yi arba'in. Bai taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa ba. Daga baya yarinyar ta gaya mini cewa tsarin kuɗi iri ɗaya kullum ya zaɓa, kuma gugar abayoyin ya koma yi a sito na wani abokinsa a Alkuz, inda babu sanyi, duk Asabar da Lahadi, har haya ta zagayo.

Ga inda kowa ya ƙare. Ƙafafun 'yata sun saki, ta fita jego da ƙibarta, yanzu tana da na biyu, mace. Kayan sirikina sun fito daga tasha, ya buɗe ɗan shagonsa a Naif, kuma har yau ban san kalar idonsa ba. Maƙwabciyar ta koma Kumasi ta buɗe gidan abinci, sai da ta kai masa kwanon shinkafa da wake na ban haƙuri kafin ta tafi, ya ci ya ce yaji ya yi yawa. Angona ya girma ya shiga makaranta, in an kira ni a waya yakan ce ya sake ni don na tsufa, in ce sai ya biya ni lefena tukuna. Tukunyar kuwa na taho da ita Kano, an ɗaure ta cikin kayan kago, tana ɗakina, duk wadda ta haihu a layinmu ita ake aro. Ga kunnuwanku nan, na gode da aron.