Ranar da 'Yar Tayar Kyaftin Ta Yi Shiru

Maigidana direban motar makaranta ne, amma daga maigadi har shugaban makaranta ba mai kiransa direba. Kyaftin suke ce masa. Mutumin da ko filin jirgi rakiya ce kawai ta taɓa kai shi! Sunan ya samo shi ne daga wani wasan jiragen yaƙi da yake yi a kwamfuta. Da ya sauke yaro na ƙarshe da la'asar, sai ya shige ɗakin da nake ajiye keken ɗinki, ya kama sandar tuƙi da hannun dama, ya yi ta harbo jirage kamar an aiko shi.

Na yi mita har bakina ya gaji. Ya ce, "Sa'o'ina suna can majalisa suna cin naman mutane, ni ina gida kina ganina. Wanne kika zaɓa?"

Dole ta sa na san abin da ake kira tirim, don ya yi mini karatunsa ya fi a ƙirga. Wai jirgi ba ya tafiya a miƙe don kansa. In ka ƙara gudu hancinsa ya ɗaga, in ka rage ya sunkuya, matuƙi ya yi ta kokawa da sanda har kafaɗa ta ƙage. Tirim shi ne daidaita hancin nan don sanda ta yi sauƙi. Wasan yana da hanya biyu: ko ka bar wa na'ura ta riƙa daidaita maka, ko ka yi da hannunka. Kyaftin ya raina masu barin na'ura raini mai tsanani.

"Masu jiran a tauna musu ke nan," in ji shi. "Na'ura ba ta san za ka juya ba sai ka juya. Hannu kuwa ya riga ya sani."

Da kansa ya ciro abin murza tasha daga tsohuwar rediyo, ya haɗa wata 'yar taya kamar murfin kwalba, ya kafa ta a gefen hagu na teburin. In yana murza ta, ƙara take yi, ƙas-ƙas-ƙas. Daga kicin nake jin ta. Da ita nake gane yana gida, lafiya lau.

Wata rana ina wanke-wanke, sai na ji kamar wani abu ya ɓace a gidan. Ga rugugin injin jirgi, ga harbi, amma babu ƙas-ƙas. Na leƙa. Jirgin yana tafiya sumul, hannunsa na hagu kuwa yana kwance a cinya, yatsun a ɗan naɗe.

"Kyaftin, yau kai aka tauna wa?"

Ko murmushi bai yi ba. "Tayar ce ta lalace."

Washegari da ya fita aiki na je share teburin, na murza ta. Ƙas-ƙas-ƙas, lafiyarta ƙalau. Na zauna a kujerarsa da tsumma a hannu, abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kofin shayin da ya suɓuce masa ya ce zafi ne. Maɓallin hannun rigarsa na dama da ya daina sakawa. Silifas ɗinsa na hagu da ke jan ƙasa a tsakar gida.

Sai na tuna motar. Na sha shiga gaba kusa da shi, na san yadda yake tuƙi. Duk sa'ad da zai canja giya, dama ce ke sauka kan giyar, hagu ita kaɗai ke riƙe da sitiyari. Bayansa kuma 'ya'yan mutane ne maƙil, har da autarmu da ke zama a kujerar farko tana cika baki babanta ne direba. Ga gangaren nan na bayan kasuwa mai muguwar kwana a ƙasansa. Ranar da ƙyar na iya ɗora tukunya. Duk hon ɗin da na ji a titi sai na leƙa waje, har sai da na ga auta ta shigo tana jan jaka.

Na bari ya ci abinci, ya shiga ɗakinsa. Na bi shi na tura ƙofa.

"Baban auta, kashe na'urar tirim ɗin nan. Ka tuƙa da hannu in gani."

"Na ce miki ta lalace."

Na miƙa hannu na murza. Ƙarar ta cika ɗakin. Ya daɗe yana kallona, ni ma ban kawar da ido ba. Can ya danna wani abu ya kashe ta.

Jirgin ya tashi. Ya ƙara gudu, hancin ya soma ɗagawa. Ya ɗora hagu a kan tayar. Yatsun suka zame. Ya sake ɗorawa, babban yatsa ya ƙi kamawa. Ya danne sanda da dama har jijiyar wuyansa ta fito, ya rage gudu, sai hancin ya rufta ƙasa. Na ga gonaki suna tahowa, suna girma, na ji kaina ina cewa, "Ja! Ja mana!" kamar da mutane a ciki. Allon ya yi ja, sannan ya yi baƙi.

Gumi ya jiƙa masa goshi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

"Tun yaushe?" na ce.

"An kwana biyu. Na ɗauka kwanciya na yi a kai. In na faɗa, sun karɓe motar. Me zan zama a gidan nan?"

Ni ma tambayar ta tsorata ni, don da motar nan muke ci muke sha. Na dai ce, "Gobe auta tana kujerar farko."

Ya dubi hannun kamar na wani ne aka ajiye masa a cinya. Ya dubi wurin da ya danna ɗazu a allo.

"A nan, in hannu ya gaza, akwai mai karɓa," ya ce a hankali. "Motar ba ta da wannan."

Makullin yana aljihun wandonsa na hagu. Ya gwada cirowa, ya kasa. Ya juyo mini da gefensa, na sa hannu na ciro.

"Kira shugaban makaranta, ki ce ya nemi wani gobe. Sai ki kira ƙanena ya zo ya kai mu asibiti."

Na ɗauko waya ina laluben lamba. Daga bayan ƙofa auta ta ƙwala kira, "Baba, an ce gobe mu fito da wuri, kar ka makara!"

Makullin yana tafina, har yanzu da ɗumin jikinsa.