Gudumar Sabuwar Shekara

Mijinyawa Tanko ɗan Fagge ne. Ya zo Dubai a 2008, ya buɗe ɗan ofishi a Deira inda yake loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Ni akawu ne a Al Khabaisi, kuma ni nake riƙe da rajistar ɗakin kareti da muke zuwa a Al Karama, shi ya sa na san kwanakinsa.

Ya fara zuwa ranar 6 ga Maris, 2016, yana da shekara arba'in da shida, bayan likita ya tsorata shi da hawan jini. Ya riƙe abin da gaske. Bayan shekara guda ya jawo Halliru, ƙanin matarsa Sauda, direban motar kaya. "Zo ka sauke tumbin nan," in ji shi.

Malaminmu, Sensei Morikawa, dattijo ne ɗan Japan, kuma ya zo da al'adun garinsu. A ƙarshen Disamba ɗalibai ke wanke ɗakin da hannunsu: kowa ya duƙa, ya dafa jiƙaƙƙen tsumma, ya tura shi daga bango zuwa bango. A mako na biyu na Janairu kuma sai a kawo curin shinkafa da aka kirɓa ya bushe kamar dutse. Ba a sa masa wuƙa. Sensei yakan miƙa gudumar katako ga ɗalibi ɗaya ya fasa, a dafa gutsattsarin cikin kunun jan wake mai zaƙi, kowa ya sha. Gudumar nan Mijinyawa yake so.

A 2018 mun yi darasi ɗari da hamsin. Mijinyawa ya halarci ɗari da arba'in da ɗaya, Halliru casa'in da takwas. Amma Halliru ne Sensei yake yawan kira gaba ya nuna yadda ake shuri, kuma duk lokacin da aka kira shi sai in ga Mijinyawa yana gyara ɗamarar da ba ta kwance ba.

"Malam akawu, duba mini," in ji Mijinyawa, "sau nawa Halliru ya yi fashi?"

"Hamsin da biyu."

"To, ka nuna wa tsohon nan mana!"

Wankin ɗaki ne kaɗai bai taɓa zuwa ba. Shekara biyu yana cewa kwantena ta riƙe shi. A wajensa, magidanci mai furfura ba ya duƙawa goge ƙasa a gaban ƙanin matarsa. A Disambar 2018 sai ya yi dabara: ya zo da ma'aikatan shara biyu da injin wanke daɓe, kyauta ga malami.

Sensei ya yi godiya sosai. Ya zaunar da mutanen a benci, ya ba su shayi, sannan ya ɗauki tsummansa ya duƙa, shi mai shekara sittin da tara. Kowa ya bi shi. Mijinyawa ya tsaya a bakin ƙofa kusa da injinsa.

"Yaya, ga tsumma!" Halliru ya kira shi daga ƙasa, yana haki. "Yalla, zo mana, ba zan gaya wa Yaya Sauda ba."

"Gwiwata," in ji Mijinyawa. Gwiwar da ya yi shuri ɗari biyu da ita shekaranjiya.

Ranar 11 ga Janairu, 2019, Sensei ya wuce ta gabansa da guduma, ya miƙa wa Halliru. Bugu uku curin ya tarwatse. Aka yi tafi. Mijinyawa ya karɓi kwanonsa, ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye.

"Wake da sukari," ya ce mini a hanyar gida. "Ni na kawo Halliru garin nan. Ni na saya masa rigar kareti. Khalas, na gama."

Mako uku na sa masa alamar fashi. A na huɗu ya dawo. Sai dai ya daina rage wa Halliru hanya, kuma in an haɗa su gwaji sai Sensei ya ce a sassauta.

A Disambar 2019 ya riga kowa zuwa, da sabon tawul a aljihu. Ya duƙa a layin da ke kusa da na Halliru. Duk inda Halliru ya goge, sai ya dawo ya sake gogewa.

"Yaya, ai na yi nan."

"Na ga irin yin da ka yi."

Ranar 10 ga Janairu, 2020, Sensei ya ɗauko guduma. Ya wuce Halliru, ya wuce Mijinyawa, ya miƙa wa wata nas 'yar Filifin da ta shekara huɗu tana wanke banɗakin wurin ba a sa ta ba. Na saci kallon Mijinyawa. Ya fi kowa tafi. Ya shanye kununsa, ya nemi ƙari.

"Ba ka ji haushi ba?" na tambaye shi.

"Haushin me? Ai ta cancanta." Ya leƙa inda Halliru yake zaune, ya rage murya. "Rubuta a littafinka: bana bai samu ba."

Na rubuta sunan wadda ta fasa, kamar yadda na saba.