Usur ɗin Yayana

Ni na ɗinka musu kayan. Shekarar da 'yan bindiga suka fara ɗauke mutane a gonakin bayan Samaru, mazan unguwarmu suka ce ba za su zauna ana kwashe su kamar kaji ba, suka kafa ƙungiyar sintiri. Aka kawo yadi mai ruwan ƙasa shagona a Sabon Gari, na auna su ɗaya bayan ɗaya. Yayana, direban keke napep, da ƙyar ya tsaya na gama awo, fasinja na jiransa. Mai kemis ɗin layinmu kuwa ya yi ta zarya, a ƙara aljihu, a matse kafaɗa, a liƙa masa jar igiya. Har yau ina tuna cewa da hannuna na yi wa mutumin nan riga.

Ba su da makamin kirki, daga gora sai bindigar toka. Usur suka dogara da shi. Duk wanda ya ji an busa, zai busa nasa don na nesa su ji, sannan ya ruga wurin ɗan'uwansa. Lokacin girbi bibbiyu suke raka manoma gona.

Ranar da aka kashe yayana, da mai kemis aka haɗa shi. Da rana tsaka ne, ana karyar masara. Mai kemis ya dawo gari ko ƙwarzane babu, ya ce yayana ya bar bakin aiki ya tafi neman burkutu, usur kuma ba wanda ya busa. Manomin da suka raka, wanda aka ɗauke ran nan, bai dawo ba balle ya ƙaryata shi. Dangin manomin suka daina gaishe mu. Mamanmu ta daina zuwa coci, ta ce ba za ta iya zama ana nuna ta da baki ba.

Da aka miƙo mini kayan yayana na ga usur ɗin. Na roba ne, bakinsa duk shatin haƙori, har ya tsage. Bayan kwana biyu wata tsohuwa da ke roron wake a gonar kusa ta zo shagona da zanen da ba ya bukatar gyara. Ta rage murya ta ce, "'Yata, ya busa. Ya yi ta busawa har ya daina. Wancan kuwa na ga ƙeyarsa cikin dawa." Na ce ta faɗa a gaban jama'a, ta ce a kemis ɗinsa take karɓar maganin hawan jini.

Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Yakan tsaya ƙofar shagona ya ce, "Ƙanwata, ya haƙuri?" Ni kuma in ce, "Da godiya, Yallaɓai," ina danna keken ɗinki kamar wuyansa ne a ƙarƙashin allurar. Fasto ya yi mini wa'azin gafara. Na saurara tsaf, na koma gida na sa wa usur ɗin sabuwar igiya.

Da abubuwa suka lafa, cocinmu ya shirya sujadar godiya don 'yan sintiri. Lokacin har an naɗa mai kemis kwamanda. Suka shigo cikin kayan da na ɗinka, zumuntar mata na kiɗa, shi ne a gaba yana rawa yana ɗaga gora. Aka karanta sunayen waɗanda suka rasu. Ba a kira na yayana ba.

Ina can baya kusa da babbar ƙofa. Na ciro usur ɗin daga cikin rigata, na sa haƙorana inda nasa suka zauna, na busa iya ƙarfina.

Kiɗa ya tsaya cak. Mazan nan, har da wani tsohon kafinta mai ɗingishi, suka juyo a guje suka nufo ni, wasu na busa nasu. Kwamanda ya yar da gora, ya taka benci, ya bi ta taga. Ƙarfen tagar ya riƙe jar igiyar da rabin hannun rigar, yana lilo a idon kowa.

Ba wanda ya yi dariya. Sai tsohuwar nan mai roron wake ta miƙe, ta dafa benci ta ce, "Haka ya yi ran nan ma."

Dattawa sun kira ni sun yi mini faɗa kan tada hankalin masu sujada. Na durƙusa na ce na ji. Ban ce na tuba ba, don ban tuba ba.

Lahadin da ta biyo, Mama ta ɗaura ɗankwalinta ta ce in riƙe mata Littafi Mai Tsarki. Kafin wa'azi Fasto ya kira sunan ɗanta, ita kaɗai ta amsa da ƙarfi, "Ga uwarsa nan."