Rigar da Mapalo Ta Dawo da Ita

A unguwarmu ta Kankoyo, cikin garin Mufulira, ba wanda ke kiranta Esnati. Bana Kangwa ake ce mata, wato uwar Kangwa, da sunan ɗanta na fari wanda ya daɗe da tafiya Lusaka neman aiki. Fanke take soyawa a bakin titi da safe. Ni ɗakin bayan gidanta nake haya, don haka wani abin a gabana aka yi shi, wani kuma ita ta ba ni da bakinta tana tsinke ganyen dankali na miya.

Tana cikin zumuntar mata ta cocinmu, masu shuɗiyar riga da farin ɗankwali. Rigar nan ba a kasuwa ake samunta ba. Mace za ta daɗe tana bin wata babba gidajen marasa lafiya, tana koyon wanka da wanki da addu'a, har babbar ta yarda da ita. Ranar sa riga, babbar ce ke ɓalla mata maɓallai a gaban jama'a, ta ce, "Na tsaya mata."

Kowace mai riga tana da majinyacinta. Na Bana Kangwa shi ne Shikulu Chibale, wato kaka Chibale, tsohon mai haƙar jan ƙarfe da ɓarin jikinsa ya shanye. Ba shi da mata, ba shi da ɗa a kusa, gidansa kuma yana can kan tudu bayan layin dogo. Maƙwabta na ba shi abinci, amma wanka da juya shi don kada bayansa ya yi miki, aikinta ne. Sai gwiwoyinta suka fara kumburi. Takan zauna da yamma tana matsa su, ta ce mini, "Ɗana, ranar da ƙafafun nan suka ƙi hawa tudu, wa zai juya tsohon nan?"

Ana cikin haka Mapalo ta zo. Matashiya ce mai sayar da gwanjo a kasuwa, uwarta kuma tana kwance ba lafiya. Ta durƙusa a bakin murhu ta ce, "Mama, ina so in shiga zumunta."

"Rigar kike so ko bokitin?"

"Au, har da bokiti?"

"Bokiti ne a gaba, 'yata. Ki zo gobe da hantsi, kuma kada ki sa takalmin gayu."

Ta zo kuwa. Ba ta ƙyamar wari, ba ta gajiya, tana cuɗa bayan tsoho tana waƙar yabo ƙasa ƙasa. Su biyu sukan kama shi, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, su juya shi ba tare da ya yi nishi ba. Shikulu ya sa mata suna amaryarsa.

"Ke tsohuwa, matsa can, hannunki kamar magagari. Bar amaryata ta cuɗa ni."

"Ka ji tsohon banza," in ji Bana Kangwa. "Ana wanke shi yana zaɓe."

Da aka zo maganar riga, shugabar zumunta, Bana Lombe, ta ce an yi sauri. Yarinyar nan, in ji ta, ba wanda ya taɓa ganinta a sujada sai da uwarta ta kwanta. Bana Kangwa ta miƙe a kan gwiwoyinta masu ciwo ta ce ita ta ga hannun yarinyar a cikin ƙazantar mutumin da ba danginta ba, kuma wannan ya ishe ta shaida. Ranar Lahadi ta ɓalla mata maɓallan da hannunta. Da ta dawo gida, sai da ta ƙara mini nama a kan nshima, tuwon masararmu, don murna. Ta ce, "Yanzu ko gobe ƙafafun suka ƙi, na huta."

Da damina uwar Mapalo ta rasu. Uwar mai riga uwar zumunta ce, don haka matan suka cika gidan makoki. Suka zauna a tabarma suna waƙa, suka tuƙa nshima a manyan tukwane, maza na waje kewaye da wuta. Ranar jana'iza shuɗayen riguna suka jeru gefe da gefe tun daga ƙofar gida har bakin mota, aka bi da akwatin gawar ta tsakiyarsu. Mutanen kasuwa sun daɗe suna zancen wannan rakiya.

Bayan haka Mapalo ba ta ƙara hawa tudu ba. Bana Kangwa ta ce baƙin ciki ne, a bar ta ta huce. Ta ci gaba da zuwa ita kaɗai, tana hutawa a hanya.

Wata Lahadi da la'asar ina gyaran kekena a tsakar gida, sai ga Mapalo da sabon kitso, riƙe da leda. A hannunta akwai awarwaron roba mai hoton annabin sabon cocin da aka buɗe kusa da tasha. Ta gaisa da ladabi, ta ajiye ledar a gaban Bana Kangwa.

"Ga rigar, Mama. Na wanke, na goge, ko maɓalli ɗaya bai faɗi ba."

"Wa ya ce ki dawo da ita?"

"Ai na gama da ita. Mamata tsoronta ɗaya a duniya, kada a binne ta shiru kamar kaza. Ta ce in nemo mata cocin da suka iya makoki. Na tambaya a kasuwa, kowa ya ce ku ne. Kuma gaskiya ba ku ba ni kunya ba."

Bana Kangwa ta dubi ledar. "Mun iya makoki," ta ce a hankali.

"Kada ki ɗauka da zafi, Mama, ba faɗa muka yi ba. Yanzu ciniki ne ya tsaya mini. Can wajen annabi akwai addu'ar kasuwa duk Laraba, ku kuma ba ku yin irinta."

"Shikulu fa?"

Mapalo ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar kwalbar mai. "Na karɓo masa wannan. Annabi ya sa masa albarka. A riƙa shafa masa."

"Juya shi ake yi, Mapalo. Ni kaɗai ba na iyawa kuma."

"Haba Mama. Duk wankan da na yi wa tsohon nan, bai isa makoki ɗaya ba?"

Ba ta faɗe shi da rashin kunya ba. Tambaya ta yi tsakani da Allah, tana jiran amsa. Bana Kangwa ta ɗauki ledar, Mapalo ta yi sallama ta fita.

Tunda Bana Kangwa ce ta tsaya mata, ita ce ta kai rigar gaban zumunta ranar Alhamis. Bana Lombe ta karɓa ta ninke, ta ajiye gefe, ta ci gaba da taro. Bana Kangwa ta ce mini da zaginta aka yi, da ya fi mata sauƙi. An nemi wadda za ta taya ta hawa tudu, amma kowace tana da nata majinyacin, sai alkawarin za a duba.

"Ba rigar ke cina ba," ta ce mini da yamma. "Na ga yarinyar nan tana cuɗa masa baya tana waƙa, na ɗauka Yesu take gani a kwance. Ashe biya take yi."

Washegari ta isa gidan Shikulu rana ta yi tsaka. Ya leƙa bayanta ya ce, "Ina amaryata?"

"Ta koma wani coci."

"To, can ba a wanke tsofaffi ne?"

Ta sa hannu a kafaɗarsa da ƙugunsa ta tura. Ya ɗaga kaɗan, gwiwarta ta lanƙwashe, ya koma yadda yake. Ta sake gwadawa, bai motsa ba. Sai ta wanke masa fuska da ƙirji da ƙafafu, duk inda hannunta zai kai, ta zauna a bakin gadon tana haki.

Kafin damina ta ƙare bayansa ya yi miki, aka ɗauke shi zuwa asibiti. Motar da ke zuwa can ba ta wuyar shiga, don haka Bana Kangwa tana zuwa duba shi da kunu a kwano. Har yanzu in ta shiga ɗakin, yakan leƙa bayanta kafin ya gaishe ta.