Sabulun Wankan Hajiya Gambo

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba wata Talata ce da damina, ina sabuwar unguwarzoma a likitar Madarunfa, wato asibitin garin. Aka kawo mana Dela daga wani ƙauyen Arna da ke bayan Gabi, a amalanken jaki, da jinjirinta da bai yi arba'in ba. Fatarsa duk ta yi ja ta tsattsage, wuya da hammata suna ruwa, kuka ya hana shi kama nono.

Majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya duba shi ya tambayi abin da ake yi masa wanka da shi. Dela ta ce garin sabulun wanki. Ya rubuta maganin shafawa, ya ce da ni: "Ki kwantar da su. Amma in ba a samo sabulu mai laushi marar turare ba, maganin nan aikin banza ne." Na duba farmasinmu, babu.

A gadon da ke kusa akwai Hajiya Gambo, tsohuwa daga Safo da ke jinyar jikarta. Ta ji komai. Sai ta aika gida. Da la'asar aka kawo mata ƙullin farin ƙyalle. Ciki wani dunƙule ne mai launin ƙasa, da hatimin Larabci a kai, sai ka ce guntun tubali.

"Sabulun Sham ne, ɗiyata," ta ce. "Man zaitun ne da man wani icce da suke kira gar. Daga Makka na zo da sabulai irin wanga. Na wanke kaina da su, na wanke kallabina mai tsada, wanga da ya rage yana cikin akwati tare da likkafanina, ƙwaro bai kusantar wurin. Na aje shi a yi mini wanka in ta Allah ta kasance."

Na ce, "Haba Hajiya, ba za mu taɓa wannan ba."

Ta karɓi wuƙa ta raba shi biyu da hannunta. Cikinsa kore shar. Majo ya shinshina, ya gwada a bayan hannun jaririn, da safe bai ga komai ba, ya amince.

Dela ta sunkuyar da kai. "Inna, mu fa ba masu salla ba ne."

"Na tambaye ki? Kawo mini angon nawa."

Hajiya ce ta riƙa yi masa wankan, da ruwan ɗumi, tana masa waƙa, ni kuma in shafa magani. Kafin mako ya zagayo fatar ta bushe, yaro ya kama nono har yana ƙwarewa.

Ku da kuka fara aiki yanzu, ku riƙa gaida masu jinya da ke zaune a tabarma. Sau da yawa abin da muka rasa a farmasi yana hannunsu, kuma ba sa jira a roƙe su.