Mai Amsa Saƙonnin Yayansa

Na daɗe ina shakkar masu gyara manhajar kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya sa hannu. Sai ga ɗayansu kusa da ni a bencin tasha, kwamfuta bisa gwiwa. Rigarsa ta yi masa yawa, ina jin ba tasa ba ce. Ana kiran fasinjoji, ko ɗagowa bai yi ba, yana gyara wani kuskuren manhajar da wata ta aiko saƙon ƙorafi a kai.

"Yayana ne ya fara manhajar," in ji shi, kamar mai faɗin ƙarfe nawa. "Ya rasu bara. Da sunansa nake amsa musu."

Na ce, "Malam, ba ka sanar da su ba?"

Yatsunsa ba su tsaya ba. "In na faɗa, za su daina rubuto masa."